Bakura: Abin da Ke Cikin Kasko

Matafiyin da ya taso daga Gusau ya nufi Sakkwato, idan ya bar Bunguɗu da Maru da Talata Mafara a baya, zai iske mararrabar da ake kira Lambar Bakura. Nan ake sauka daga babbar hanya a kutsa cikin ƙasar Bakura. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da tudu ya bushe ƙayau, awaki na bin inuwar katanga, wannan yanki ba ya rasa ɗanyen ganye. Ga fagagen shinkafa, ga kunyoyin dankali, ga masara da albasa da tumatir, duk suna shan ruwan da ke biyo magudanan siminti daga madatsar Bakolori.

Madatsar tana kan gulbin Sakkwato, ta ɓangaren Maradun. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya gina ta, aka kammala a 1978. Tafkinta na iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, filin noman ranin da aka shimfiɗa a ƙarƙashinta kuwa ya kai wajen hekta 23,000 a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun. Wannan ruwa bai zo a banza ba. A watan Afrilu na 1980 manoman da aka karɓe wa gonaki, da jiran diyya ya ishe su, suka tare hanyoyin aikin. Aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka yi asarar rayuka, kuma har gobe ba a ba da labarin ba tare da an ambaci ƙauyen Birnin Tudu ba. Saboda haka mutanen nan sun san yadda shawarar da aka yanke a nesa kan sauko har ƙofar gida. Wata shawara irin wannan ce ta kai ni garin, sai dai ita ba ta zo da katafila ba. Doka ce a kan man girki, wadda ba a cika jin zancenta a bakin waɗanda aka yi ta dominsu ba.

Bakura hedikwatar ƙaramar hukuma ce, mazaunin Sarkin Burmi, kuma garin Ahmad Sani Yarima, zaɓaɓɓen gwamnan Zamfara na farko, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007. Akwai kwalejin koyon aikin gona ta jiha a garin. Amma wanda ke son ya ga abin da ke juya kuɗin talakan Bakura, sai ya yi sammako.

Ana idar da sallar asuba hayaƙi ke fara tashi daga ƙofofin gidaje. Mai ƙosai ta girka kasko, ƙullun wake na gefe a cikin roba, tana ɗiba tana saki a cikin mai, yara sun kewaye ta da kwanoni, kowa da kuɗinsa a dunƙule: "Inna, na ɗari biyu, a sa yaji." Mai masa na bin gurabun tanda tana ɗiga mai da cokali. Da hantsi 'yan talla sun fito da awara da fanke. Bayan la'asar sai soyayyen dankali da doya, da tarwaɗa da karfasa da masunta suka kawo. Dare ya yi, mai tsire na yayyafa wa nama mai a bakin wuta, mai shayi na fasa ƙwai. Duk wannan ciniki, tun daga asuba har a rufe ƙofa, mai ne jarinsa, kuma mai ne ke cinye ribarsa.

Kwalba ba ta da takarda

Ranar Talata akalar 'yan kasuwar yankin kan karkata zuwa Mafara. A layin 'yan mai ido zai ga iri huɗu. Ga manja da ya yo doguwar tafiya daga Kudu. Ga man shanu da matan Fulani ke kawowa curi-curi a cikin ƙwarya. Ga man gyaɗa na gida a kwalabe, wanda ƙamshinsa ke riga shi isa hanci. Sai kuma farin mai na kamfani a manyan jarkoki masu cin lita 25, kuma shi ya fi yawa. Da yawa daga abin da ake sayarwa da sunan man gyaɗa, tataccen man kwakwar manja ne ko na waken suya.

Yadda man ke tafiya shi ne abin lura. Babban ɗan kasuwa ya sayar da jarka. Mai rumfa ya fasa ta ya auna a kwalba. Mai tireda a ƙauye ya sayi kwalba ya ƙulla a leda, na ɗari, na ɗari biyu. Kafin man ya shiga hannun uwargida a Rini ko 'Yar Kofoji, ya rabu da sunan kamfaninsa, da lambar NAFDAC, da ranar lalacewarsa, da alamar idon nan da ke nuna an sa masa bitamin A, abin da aka wajabta wa masu tace mai a Nijeriya tun 2002. Abin da ya rage wa mai saye shi ne ta ɗaga kwalba ta duba a hasken rana, ta sansana, ta lakato ta ɗanɗana. Da hunturu wasu kan duba ko man ya yi barci, su yanke masa hukunci a kan haka. Wannan awo ba ya raba gardama, domin manja ma yana barci, man shanu ma haka.

Man gyaɗa na gida kuwa sana'ar cikin gida ce, kuma mata ne ke riƙe da ita. A soya gyaɗa sama-sama, a murje, a fece ɓawon, a kai inji a niƙo. A juye a turmi, ana tarfa ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa da taɓarya, har mai ya fara tsattsafowa ya kwanta a sama. A kwashe, a matse tunkuza da hannu, a mulmula ta ƙuli-ƙuli a soya a cikin man da ya fito daga jikinta. Ba abin da ake zubarwa. Mai ya tafi kwalba, ƙuli-ƙuli ya tafi wurin mai tsire da mai kwaɗon zogale. Da wannan ciniki mata da yawa ke zuba adashi, su haɗa kayan ɗakin 'ya'yansu.

Gyaɗa ta taɓa zama sarauniya a wannan ƙasa. Saboda ita da auduga aka ja layin dogo har Ƙaura Namoda a 1929, kuma dalar gyaɗa ta Kano da buhunan manoma irin na wannan yanki aka gina ta. Farin farkon shekarun 1970, da annobar da ta kwantar da gyaɗar Arewa a 1975, da kuɗin man fetur da ya ɗauke hankalin gwamnati, su suka karya wannan ciniki. Gurbin da aka bari shi ne man kamfani ya shigo ya cika.

Abin da dokar ke farauta

Ba a ganinsa a hasken rana, ba shi da wari, harshe ba ya jinsa. Masana na ce masa maiƙon tirans. A masana'anta yake samuwa, inda ake ɗaukar mai mai ruwa-ruwa, kamar na waken suya ko na angurya, a zafafa shi, a busa masa iskar haidirojin tare da garin ƙarfen nikel, sannan a tsayar da aikin kafin ya kai ƙarshe. Sai man ya fito a daskare, yana shafuwa, yana jure wuta, yana daɗewa a kanti bai yi wari ba. Wani Bajamushe, Wilhelm Normann, shi ya yi rajistar dabarar a farkon ƙarni na 20, kuma a 1911 kamfanin Procter & Gamble ya fito da Crisco a Amurka. Daga nan irin wannan mai ya shiga bota ta roba, da biskit, da kek, da kaskon gidajen abinci. An yi shekaru ana tallata shi a kan ya fi man shanu lafiya.

Wani bincike da aka yi a ƙasar Holan a 1990 ne ya fara tona asiri sosai. Maiƙon tirans yana ƙara nau'in kolestarol ɗin da ke taruwa a bangon jijiyoyin jini, yana kuma rage nau'in da ke kwashe shi. Ɓarna biyu ke nan a cokali ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawan cinsa na ƙara haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 28 cikin 100, tana kuma danganta shi da mutuwar mutum fiye da 278,000 a duniya kowace shekara. Shawararta ita ce kada ya kai kashi 1 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci, wato ƙasa da giram 2.2 a rana ga baligi mai cin abinci daidai misali. Akwai ɗan kaɗan daga cikinsa a man shanu da kitsen dabbobi masu tuƙa, haka Allah Ya halicce su, amma yaƙin da ake yi da na masana'anta ake yinsa.

Daga na gaba ake gane zurfin ruwa. Ƙasar Danmak ce ta fara ƙayyade shi a 2003, kuma ba a ga abinci ya yi tsada ko ya ɓace daga kanti ba. A jihar Niyok ta Amurka, inda wasu gundumomi suka hana gidajen abinci amfani da shi wasu ba su hana ba, binciken da aka wallafa a 2017 ya nuna kwanciya asibiti saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 6.2 cikin 100 a inda aka hana. Afirka ta Kudu ta yi tata dokar a 2011. A watan Mayu na 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira da a kawar da shi daga abincin duniya baki ɗaya. Saudiyya ta haramta daskararren man a 2020, Indiya ta sauko da iyakarta zuwa kashi 2 cikin 100 a 2022.

A Nijeriya hukumar NAFDAC, ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta tsara ƙa'idojin mai da kitse da abincin da ke ɗauke da su na 2022, aka buga su a jaridar gwamnati a 2023. Iyakar ita ce giram 2 na maiƙon tirans a cikin kowane giram 100 na mai. Da wannan Nijeriya ta zama ƙasa ta biyu a Afirka da ta ɗauki matakin da hukumar ta duniya ta fi amincewa da shi.

Teburin mai shayi

Wanda ke neman inda dokar ta shafi Bakura, ya bar turmin mai ƙuli-ƙuli ya zauna a bencin mai shayi. Ga burodi an jera, ga gwangwanayen madara, ga robar bota da wuƙa a soke. Ɗan acaɓa ya faka babur ya ce, "Malam, haɗa mini kauri, a shafa bota." A tireda ta kusa ga biskit na 'yan makaranta, ga cincin da kek a ƙulle. A gidan burodi kuwa bota a manyan bokitai da kwalaye take zuwa, a zuba a kwaɓi, burodin ya fito ba tare da ya faɗa wa kowa abin da ke cikinsa ba. Ba kowace bota ce ke ɗauke da wannan maiƙo ba, kamfanoni da yawa sun daɗe da sauya haɗinsu. Matsalar ita ce mai shayi ba shi da hanyar bambance wadda aka gyara da wadda ba a gyara ba, balle wanda ya sha ya biya ya tafi.

A nan hikimar dokar take. Wasu ƙasashe sun fara da cewa a rubuta adadin a jikin kwali, mai saye ya karanta ya zaɓa. Wannan ya dace da mai turin keken kaya a babban kanti a Abuja. Ba ya amfanar wadda ke sayen mai a ƙullin leda. Manomin Bakolori ya san cewa wanda ke son tsayar da ruwa ba ya bin gona-gona yana toshe ƙorama da ƙasa, babbar ƙofar madatsa yake zuwa ya murɗa. Iyakar giram 2 haka take aiki. Tana kama mai tacewa da mai shigowa da kaya, su da ba su da yawa kuma an san adireshinsu, ta bar talaka ya ci abincinsa yadda ya saba ba tare da an ɗora masa karatun kwali ba.

Lissafin asibiti

Ciwon zuciya ba ya shela a karkara. Ana dai jin cewa wane ya yanke jiki ya faɗi a gona, ko wance ta wayi gari ɓarin jikinta ba ya motsi. Ƙiyasin masana ya nuna kusan mutum ɗaya cikin manya uku a Nijeriya na da hawan jini, kuma da yawa ba su taɓa miƙa hannu an auna ba. Gishiri da taba da ƙiba da gado duk suna da hannu a ciki, maiƙon tirans ɗaya ne daga cikin masu laifi. Abin da ya bambanta shi, shi ne ana iya cire shi daga abinci gaba ɗaya ba wanda ya ji a bakinsa.

Idan ciwon ya kwantar da magidanci a Bakura, hanya ce ta miƙe: ko Gusau, Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, ko Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Kuɗin mota, kuɗin gwaji, kuɗin magani, abincin mai jinya, duk daga aljihu. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga hannun majinyata da danginsu yake fita. A ƙauye ma'anar wannan ita ce a sayar da san noma, ko a jinginar da fagen shinkafa, ga kuma damina ta wuce ba mai riƙe garma. Wani bincike da masana na Cibiyar George da abokan aikinsu na Nijeriya suka wallafa a 2024 ya ƙiyasta cewa idan aka tabbatar da dokar, za a kauce wa mutuwar kimanin mutum 10,000 a shekara goma na farko, a kuma tsimi wajen dala miliyan 90 na kuɗin jinya. Hasashe ne na lissafi, kuma sharaɗinsa a bayyane yake: sai an aiwatar.

Akwai wata fuska ta lissafin da ta shafi manomi kai tsaye. Kamfanin da aka hana daskararren mai dole ya nemi madadinsa. Mafi sauƙi shi ne man kwakwar manja, wanda ba shi da tirans amma kusan rabinsa maiƙo ne mai nauyi, irin wanda likitoci ke cewa a rage. Man gyaɗa kuwa wajen kashi huɗu cikin biyar nasa maiƙo ne mara nauyi, kuma yana jure suya. Ƙasar da ke noma gyaɗa da waken suya da riɗi tana da abin da kasuwa za ta nema. Sai dai man gida ma yana da nasa aibin. Gyaɗar da ba ta bushe sosai ba takan yi funfuna mai guba ga hanta, kuma yawancin gubar a tunkuza take zama, ta bi ƙuli-ƙuli. Ba a kuma sa wa man gida bitamin A. Gyara waɗannan aiki ne na malaman gona da ƙungiyoyin mata, kuma kwalejin da za ta iya jan ragamarsa tana cikin garin.

Inda hannun doka bai kai ba

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, Naira kuma ta faɗi, farashin man girki ya yi tashin gwauron zabo. Mai ƙosai ba ta iya zubar da man jiya. Takan tace shi, ta ƙara sabo a kai, ta ci gaba. A wasu kasake za ka ga man ya yi baƙi, yana kumfa, yana hayaƙi tun kafin ƙullu ya shiga. Maimaita suya a wuta mai ƙarfi kan haifar da ɗan maiƙon tirans, tare da wasu gurɓatattun sinadarai da su ma ba alheri ba ne ga jiki. Babu jami'in da zai bi kasko-kasko, kuma kama mai ƙosai zalunci ne. Abin da zai yi aiki shi ne bayani: a rage wuta, a kwashe ƙonannun ɓarɓashi, a zuba mai daidai suyar yini, wanda ya yi baƙi da yauƙi kuma a haƙura da shi.

Dole kuma a faɗi gaskiyar da ta fi wannan ɗaci. A yau abin da ya fi damun wannan yanki 'yan bindiga ne da suka raba manoma da gonakinsu na daji, da yunwar da ta biyo baya. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF tana jinyar yara masu tamowa a Talata Mafara, kuma abincin ledar da ake farfaɗo da su da shi, niƙaƙƙiyar gyaɗa ce da madara da sukari da mai. Yaron da ke wannan hali mai yake buƙata. Duk wanda ya zo Bakura da wa'azin a daina cin maiƙo bai san inda ya zo ba. Abin nema shi ne ɗan man da talaka ya samu ya kasance mai kyau, tunda ba shi da halin zaɓe.

Tun ran gini ran zane. Aikin yana tashar jiragen ruwa ta Apapa, da masana'antun tace mai, da kan iyaka irin su Illela da Jibiya, da rumbunan manyan dillalai a kasuwar Singa ta Kano, inda kayan tireda na Arewa ke tasowa. Yana buƙatar ɗakin gwaji mai na'urar da ke iya gano wannan maiƙo, da jami'an da ke fita ɗibar samfur, da ƙungiyoyin masu gidajen burodi da aka zauna da su aka nuna musu irin botar da za su guje wa. Takardar da aka buga a Abuja ta riga ta yi nata. Ranar da aka ɗebi bota daga gidan burodi a Mafara da jarka daga layin 'yan mai, aka auna, aka faɗi sakamakon da sunan kamfani a rediyo da Hausa, ranar ce za a ce dokar ta iso Bakura.